Zanen taurarin tsofaffin jaridun barkwanci: Abin da ya kamata ku sani

Daga Daɗin Kowa zuwa Zaramaganda a garin Jos, da wuya ka duba bayan littafin ɗan makaranta ba ka tarar da wani ɗan zane da biro ba. Iyaye kan ɗauki abin a matsayin ɓata takarda. Amma kwaikwayon zanen taurarin tsofaffin jaridu da mujallun barkwanci makaranta ce mai arha ta koyar da hannu, kuma ga abin da mai sha'awa ya kamata ya sani kafin ya fiƙe fensirinsa.

Su wane ne waɗannan taurari?

Akwai na waje, akwai na gida. A 1929 aka fara ganin Popeye, matuƙin jirgin ruwan nan mai kaurin damatsa, a jaridun Amurka, daga alƙalamin E. C. Segar. A shekarar ce kuma Hergé ya fito da Tintin a Beljiyam. Superman ya biyo baya a 1938, sai Charlie Brown da karensa Snoopy na Charles Schulz a 1950.

A Najeriya, Akinola Lasekan ne ya yi fice da farko, yana zanen shaguɓe ga Turawan mulkin mallaka a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe. A 1975 aka fara buga Powerman, baƙin jarumin da Turawan Ingila biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, suka zana domin masu karatu a Najeriya. A 1976 Wale Adenuga ya kafa mujallar Ikebe Super, wadda ta haifar da Papa Ajasco mai sanƙo da Boy Alinco, tun kafin su koma talabijin. Dattawa kuma suna tuna Lance Spearman na mujallar African Film, sai dai shi ba zane ba ne, hotunan mutane ne aka jera aka sa musu magana.

Me ya sa tsofaffin suka fi daɗin koyo?

Dalilin yana cikin yadda ake buga jarida a wancan zamani. Takardar mai arha ce, tawada na nashewa a kanta, filin da ake bai wa mai zane kuma ɗan kaɗan ne. Dole ya rage layuka, ya bar waɗanda ba makawa sai da su. Ga kuma gaggawa: mai zanen da zai miƙa aiki kullum ba shi da lokacin ƙawa. Shi ya sa kan Charlie Brown da'ira ce kawai da ɗigo biyu, Tintin kuma tukkunsa kaɗai ya isa a gane shi daga nesa. Mai koyo yana iya ƙirga layukan, ya ga aikin da kowanne yake yi.

Wani sirrin shi ne girman kai. Tsayin baligi yakan kai kimanin tsawon kansa sau bakwai da rabi, amma masu zanen barkwanci sukan mayar da shi sau biyu zuwa huɗu, domin a fuska labari yake. Mutumin Jos ba ya buƙatar zuwa nesa don ganin wannan dabara. A gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, akwai sassaƙen yumɓu na al'ummar Nok, masu manyan kawuna da idanu masu kusurwa uku, waɗanda aka ƙera fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Da me ake farawa?

Fensir biyu sun isa: HB na shata siffa, 2B na ƙara duhu. Sai kilina, da baƙin biro, da farar takarda marar layi. Duk ana samun su a shagunan kayan makaranta na unguwa. Tsofaffin mujallun kuwa, a duba wajen masu baza tsofaffin littattafai a Terminus, a tambayi dattawan gida, a kuma leƙa intanet.

Ka fara da siffofi, ba da ido ko hanci ba: da'ira ga kai, siffar ƙwai ga ciki, sanduna ga hannaye da ƙafafu, duk da sassauƙan hannu. Idan tsayuwar ta yi daidai, sai ka sa fuska da tufafi, ka bi da biro, ka jira tawada ta bushe kafin ka goge fensir. Kada ka ɗora takarda a kan hoto kana bin layinsa. Wannan yana ba ka hoto, ba ya ba ka hannu. Ajiye shi a gefe, ka duba, ka zana. Daga nan ka rufe littafin ka zana da ka, sannan ka sa tauraron cikin fushi, ko tsoro, ko gudu. Ɗaga hoton a gaban madubi yana tona duk inda ya karkace.

Damina a Jos tana da tsawo, danshi kuma yana lanƙwasa takarda ya sa ta fumfuna. A adana zane da tsofaffin mujallu a cikin leda ko akwati, nesa da rana da gara, a kuma ɗauki hotonsu da waya.

Ina iyakar abin?

Zane don nishaɗi a gida daban, sayarwa daban. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare aikin zane har shekara 70 bayan mutuwar mai shi. Buga Papa Ajasco a riguna ko allon shago don kuɗi ba tare da izini ba shiga haƙƙin wani ne. A Amurka, siffofin farko na Popeye da Tintin sun zama na kowa a farkon 2025, amma kowace ƙasa da dokarta.

Iyaye su lura cewa ba kowace tsohuwar mujalla ce ta yara ba. Barkwancin Ikebe Super na manya ne. Wasu tsofaffin zane-zanen Turai kuma, irin su labarin Tintin a Kongo, sun nuna baƙar fata da siffar raini, don haka a bayyana wa yaro kafin ya kwaikwaya. Batun zanen abu mai rai kuwa malaman Musulunci sun yi bayani a kansa, kuma mai neman hukunci ya nufi malaminsa.

Ina ake dosa?

Kwaikwayo mataki ne, ba masauki ba. Wanda ya iya zana Popeye da ka ya riga ya mallaki dabarar zana mai Keke Napep, da mai sayar da dankalin Turawa, da mai shayin da ya ƙudundune cikin sanyin Disamba. Masu karanta Daily Trust da Aminiya sun san yadda Mustapha Bulama yake faɗin abin da dogon sharhi ba ya faɗa, da hula da babbar riga da 'yan layuka. Don haka idan kun ga yaro yana zane a bayan littafinsa, ku saya masa littafin zane na daban, ku ce ya zana muku mutanen unguwa.