Wane Babur Ne Ya Dace da Doguwar Tafiya?

 

Wani ɗalibina ya sayar da albasarsa, ya samu kuɗi. Yana son sayen babur, wanda wasunmu ke kira moto. Nufinsa shi ne ya riƙa zuwa ganin ƴan'uwa a nesa, ya ga gari, ya ci kasuwanni. Sai ya tambaye ni: "Malam, wane iri zan saya, babba ko ƙarami?" Tambayar ta shafi mutane da yawa. Shi ya sa na kawo ta nan.

Mu fara da lamba. Ku dubi gefen babur, ƙasan wurin zama ko jikin tanki. Za ku ga an rubuta 50, ko 110, ko 125, ko 150. A da kuna wucewa ba ku kula ba. Yanzu kun iya karatu, sai ku tsaya ku karanta. Wannan lamba ita ce girman inji. Tana nan kuma a cikin takardar babur, in mai sayarwa ya ce muku wani abu dabam.

Me lambar ke aunawa? A cikin inji akwai wani rami kamar turmi. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai hawa da sauka kamar taɓarya, shi ake kira fistan. Iska da mai suna shiga ramin, buji ya ba da wuta, su kama, su tura fistan ƙasa. Turawar nan ce ke juya taya. Lambar tana faɗin yawan abin da ramin ke sha a kowane zuwa. Lamba 1000 daidai take da lita ɗaya. Ke nan inji mai 125 yana shan kashi ɗaya cikin takwas na lita, kamar cikin kofin shayi da ɗan ƙari. In rami ya fi girma, ƙarfi ya fi yawa. Amma shan mai ma ya fi yawa, nauyi ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru.

Yanzu mu dubi hanyarmu. Ƙasarmu tana da faɗi. Daga Yamai zuwa Maradi wajen kilomita 660 ne. Daga Maradi zuwa Damagaram wajen 235. Daga Tawa zuwa Agadas wajen 400. Wannan ba zuwa gona ba ne.

Ƙaramin babur mai 50 na cikin gari ne. Ya kai ku kasuwa, ya kai ku asibiti. Kada ku ɗora masa Yamai. Mai 100 ko 110 ya fi shi. Mutum ɗaya marar kaya yana iya zuwa nesa da shi, in yana da haƙuri. Amma da an ɗauki mutum na biyu da buhu, sai ya fara nishi. Sai mai tuƙi ya murɗa mai har ƙarshe, ya riƙe haka wuni guda. A nan ɓarna take.

Ku riƙe wannan da kyau. Injin irin waɗannan babura iska ce ke sanyaya shi, babu ruwa a ciki. A watan Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce awo 40. Injin da anka matsa wa tun safe cikin wannan rana yana yin zafi fiye da kima. Man inji ya tsinke, ya zama kamar ruwa. Fistan yana iya kamewa a tsakiyar daji. Jakin da anka yi wa kaya daidai ƙarfinsa shi ke kai gida. Saboda haka ana son babur mai sauran ƙarfi a ajiye, wanda zai yi tafiyarsa ba tare da an ƙure shi ba.

A ganina, ga mutumin ƙasarmu, mai 125 ko 150 shi ne daidai. Yana tafiya kilomita 60 zuwa 70 a awa ba wahala. Yana ɗaukar mutum biyu da ƴan kaya. Nauyinsa kilo 100 da ƴan kai ne, in ya faɗi mutum ɗaya yana tada shi. Tun 1975 kamfanin Honda na Japan ya fito da CG125. Sun yi shi ne musamman don ƙasashe irin namu, inda ƙura ta yi yawa kuma ba a cika kula da inji ba. Babura da yawa na ƙasar Sin sun kwaikwayi injinsa. Akwai kuma na Indiya, kamar Boxer na kamfanin Bajaj. Wanda ke yawan ɗaukar mutum na biyu, ko hanyarsa ke da rairayi, gara ya ɗauki 150. Wanda ke da hali, kuma hanyarsa ta daji ce, mai 200 ko 250 mai dogayen ƙafafu zai yi masa daɗi.

To, manyan fa? Wasu za su ce: ai Turawa masu yawon duniya manya suke hawa. Gaskiya ne. A watan Janairu na 1979 tseren farko na Pari zuwa Dakar ya ratsa ƙasarmu, ta Agadas da Yamai. Wanda ya ci shi Bafaranshe ne, Cyril Neveu, a kan Yamaha mai 500. A 1983 Yamaha ta fito da wani mai 600, ta sa masa sunan sahararmu, Tenere. Yau akwai masu 1200 da fiye, nauyinsu ya kai kilo 250. Suna da daɗi a kan kwalta mai kyau. Suna gudu, ba sa gajiya.

Amma ku yi tunani. Kilo 250 ya fi buhun gero biyu na kilo 100. In ya kwanta cikin rairayi, wa zai tada muku shi? Shan mansa ya ninka na 125. In wani ƙarfe ya karye a Abalak ko Tanut, ina za ku samu irinsa? Makanikin ƙauye ya san cikin 125 kamar yadda ya san gidansu. Buji, sarƙa, taya, duk suna rataye a rumfarsa. Babban kuwa sai a aika birni, wani lokaci har wata ƙasa. Ni dai ba zan sayi abin da makanikin garinmu bai taɓa kwancewa ba.

Akwai gwaji mai sauƙi kafin ku biya kuɗi. Ku hau, ku zauna. Ƙafafunku biyu suna taɓa ƙasa? Ku sauka ku tura shi taku ashirin. Ku kwantar da shi a hankali, ku tada. In kun kasa, ba naku ba ne. Ku dubi wurin zama, domin awa biyar a kan siririn zama azaba ce. Ku tambayi lita nawa tanki ke ci. Na irin waɗannan yakan ci lita 11 ko 12.

Girman babur ba ya hana gajiyar mai shi. Yamai zuwa Maradi, in ana yin 60 a awa, awa 11 ne, ban da tsayawa. Kada ku yi shi rana ɗaya. Ku kwana Birnin Ƙonni. Ku tashi da asuba, ku huta da azahar, ku da inji. Ku duba man inji kowace safiya. Lokacin hunturu ku wanke matatar iska, ƙura na toshe ta. Ku sa hular kwano. Ku riƙe ruwan sha, da famfo, da faci, da buji guda. Ku guji tafiyar dare, saboda ramuka da dabbobi da manyan motoci.

Wani abu kuma. Saboda matsalar tsaro, a 2015 an hana yawo da babur a jihar Difa, a 2020 kuma a sassan jihar Tilaberi. Irin wannan doka tana canzawa. Kafin ku kama hanya, ku tambayi hukuma da direbobin tasha, ku kuma riƙe takardunku.

Ga aikin gida. Ku ɗauko littafi da fensir. Mu ce babur mai 125, da kaya a kansa, yana shan lita 3 a kilomita 100. Tankinsa lita 12 ne. Kilomita nawa zai yi kafin mai ya ƙare? In kun tashi daga Tawa za ku Agadas, zai kai ku, ko sai kun ƙara a hanya? Lita nawa za ku saya daga Yamai zuwa Maradi? Ku yi lissafin, ku kai wa malaminku ya duba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.