Me ya kassara mujallun fim na Hausa, kuma me ya rage musu?

Duk wanda ya taso a nan Mai'adua kafin wayar Android ta cika gari zai iya tuna yadda mujallar fim guda ɗaya ke zagaye unguwa. Wani ya sayo a Kano ko Daura, a karanta a shagon tela, a aika cikin gida, bangon ma ya yage kafin ta dawo wa mai ita. Ni a akwatin yayana na fara ganinsu.

Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ta fara fitowa a Kano a 1998, kuma a cikinta kalmar Kannywood ta samo asali. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya fito da mujallar Fim a Kaduna. Wasu da dama sun biyo baya, amma yawancinsu ba su yi ƙarko ba. Fim ce ta jure, ita ma yanzu a intanet aka fi karanta ta.

Ana yawan cewa mutane ne suka daina karatu. Ban yarda ba, don kullum idonmu na kan waya muna karatu. Matsalar ta kuɗi ce. Mujalla na rayuwa ne da cinikin kwafi da kuma talla, kuma masu shirya fim ne manyan masu ba da tallar. Da kasuwar faifan CD ta mutu, fim ya koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, sai furodusa ya ga zai sa tallarsa a Instagram kyauta. Labarin ma haka: wa zai jira ƙarshen wata ya ji auren jaruma, alhali ita da kanta ta ɗora hotunan tun ranar kamu? Ga shi yawancin takardar da ake buga mujalla da ita daga waje ake shigo da ita, duk sanda dala ta tashi sai kuɗin ɗab'i ya bi ta.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Amurka, PC Magazine ta daina fita a takarda a farkon 2009, Maximum PC da MacLife kuma a 2023. Waɗanda suka tsira sun bar tseren labarai da ɗumi-ɗuminsu. Mujallar 2600 ta masu sha'awar kutse da tsaron kwamfuta tana fitowa tun 1984, yanzu sau huɗu a shekara, kuma da kuɗin masu karatu ta dogara. A Ingila kuwa, mujallar Raspberry Pi ta taɓa manna ƙaramar kwamfutar Pi Zero kyauta a jikin bango a ƙarshen 2015. Wannan kam ba a sauke shi da data.

Irin wannan hanyar nake hango wa tamu: fitowa jefi-jefi, dogayen hirarraki da hotunan da mutum zai so ya adana, a biya kafin a buga ta hanyar tura kuɗi a waya, sannan a sayar da PDF ga na nesa, har da maƙwabtanmu na Nijar.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai haɗa manhaja shi ne tsofaffin kwafin. Shafin intanet yakan ɓace da zarar an daina biyan kuɗin adireshinsa, takarda kuwa gara da damina ke ci. Tarihin farkon Kannywood na kwance a cikin waɗannan shafukan. Na yayana na fara ɗauka da manhajar sikanin waya, shafi bayan shafi, kuma tuni na tarar gara ta cinye rabin guda biyu.