Daga murhu zuwa huhu: Yadda Farfesa Kirk Smith ya sauya lissafin gurɓatar iska

A shekarar 1981, wani masanin kimiyya Ba'amurke mai suna Kirk Smith, tare da abokan aikinsa 'yan Indiya, ya shiga wasu ƙauyuka huɗu na jihar Gujarat ɗauke da ƙananan na'urorin auna iska. A wancan zamani an saba girke irin waɗannan na'urori ne a kan rufin gine-gine a manyan birane, su yini su kwana suna zuƙar iskar gari. Shi kuwa sai ya roƙi matan ƙauye su rataya su a jikinsu yayin da suke girki da itace da busasshen kashin shanu, domin na'urar ta zuƙi daidai abin da suke shaƙa.

Sakamakon da aka buga a 1983 ya girgiza masana. A lokacin girki, burbushin hayaƙin da ke zagaye da fuskar matan ya kai kimanin maikirogiram 7,000 a kowace mita kubik ɗaya ta iska, adadin da ya ninka sau da yawa abin da ake aunawa a titunan biranen da suka yi ƙaurin suna wajen ƙazamar iska. Ashe iskar da ta fi kowace muni tana cikin madafar talaka, inda babu masana'anta, babu mota.

An haifi Smith a 1947. Ya fara da karatun kimiyyar fiziya da ilimin taurari a Jami'ar Kalifoniya da ke garin Berkeley, sannan ya juya zuwa fannin lafiyar muhalli, ya sami digirin digirgir a 1977. Ya yi shekaru a wata cibiyar bincike da ke Honolulu, inda aikin nazarin makamashi ya kai shi ƙauyukan Asiya, kafin ya koma Berkeley a 1995 a matsayin farfesa. Yana cikin masanan kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, kwamitin da ya sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2007. Ya rasu ranar 15 ga Yunin 2020 yana da shekara 73, bayan ya shafe kusan shekara arba'in yana bin tambaya ɗaya: a cikin hayaƙin da ake fitarwa, nawa ne ke shiga huhun mutum, kuma huhun wa?

Tambayar tana kama da mai sauƙi, amma ita ce ta raba tsohon lissafi da sabo. Tsohon lissafi yana auna yawan gurɓatar da ke cikin iskar wani wuri. Sabon yana bin mutum ne duk inda ya shiga cikin sa'o'i 24: madafa, ɗakin kwana, kasuwa, gona, cikin mota. A kowane wuri ana ninka yawan gurɓatar da ke wurin da tsawon lokacin da mutumin ya yi a ciki, sannan a tara.

Misali zai fi bayyana wannan. A ɗauka wata mata tana yin awa 3 a gaban murhu, inda burbushin hayaƙi ya kai maikirogiram 800 a mita kubik, sauran awa 21 kuma tana wuraren da bai wuce 40 ba. Awa ukun nan sun ba da 2,400, sauran yinin da daren gaba ɗaya suka ba da 840. Idan aka tara aka raba da 24, matsakaicin abin da ta shaƙa ya zama 135. Na'urar da ke kan rufin sakatariyar garinsu za ta nuna 40 ne kawai, ta ɓoye kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ya shiga ƙirjinta. Mijinta da ya yini a gona yana da nasa lissafin daban, jaririn da ta goya kuwa lissafinsa kusan nata ne, ga shi huhunsa bai gama ginuwa ba.

Burbushin da ake magana a kai shi ne wanda masana ke kira PM2.5, wato ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikiromita biyu da rabi ba. Silin gashin kai ɗaya ya fi su kauri da kusan ninki 30. Gashin hanci da majina ba sa iya tare su, don haka sukan wuce can ƙuryar huhu. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta ce kada matsakaicinsu ya haura maikirogiram 15 a yini guda, ko 5 idan aka ɗauki shekara. Matar da ke cikin misalin nan ta ninka ƙa'idar yini sau tara.

Daga nan ne Smith ya fito da abin da aka fi saninsa da shi, wato ƙa'idar ninki dubu. Ma'anarta ita ce, gurɓatar da aka saki a cikin ɗaki ta fi wadda aka saki a waje yiwuwar shiga huhun mutum da kimanin sau dubu. Dalilin a fili yake. Doguwar bututun tashar wutar lantarki tana fitar da hayaƙi mai yawa, amma iska kan tarwatsa shi tun kafin ya sauko kan jama'a. Murhu mai duwatsu uku hayaƙinsa kaɗan ne idan aka gwada, sai dai yana tashi ne ƙasa da taku biyu daga hancin mai girki, a daidai lokacin da take tsaye a kansa, kowace rana. A 2002 shi da wasu masana suka tsayar da ma'auni guda na wannan tunani, wanda ke nuna kason da mutane ke shaƙa daga cikin duk abin da wata kafa ta fitar. Da wannan ma'auni hukuma za ta iya gane inda kuɗinta zai fi ceton rai, ko da kafar da za a gyara ba ita ce ta fi kowace yawan hayaƙi ba.

Ba zai yiwu a rataya wa kowane mutum na'ura ba, kuma a nan ne samfurin lissafi ke shigowa. Samfurin lissafi kwaikwayon gaskiya ne da alƙaluma: a ba kwamfuta abubuwan da aka sani, ta fitar da kiyasin abin da ba a auna ba. Na iskar waje yakan ɗauki yawan hayaƙin da kafa ke fitarwa, tsayin bututu, saurin iska da inda ta dosa, zafin rana da yanayin ƙasa, ya zana yadda hayaƙin ke bazuwa yana raguwa har ya isa unguwanni. Na cikin gida ya fi sauƙi. Ana ɗaukar madafa tamkar akwati, a yi la'akari da abu uku: yawan hayaƙin da murhu ke fitarwa a minti guda, girman ɗakin, da kuma sau nawa iskar ɗakin ke sauyawa a cikin awa ta ƙofa, taga da ramukan bango. Da yake gidaje sun bambanta, sai a sa kwamfuta ta maimaita lissafin sau dubbai, kowane zagaye da girman ɗaki daban, da tsawon girki daban. Da irin wannan samfuri ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar, a 2014, iyakar hayaƙin da murhu zai fitar kafin a kira shi mai tsabta.

Amma samfuri bai fi alƙaluman da aka zuba masa ba, kuma na'urorin wancan lokaci suna da tsada, ga nauyi, ga buƙatar lantarki. Ɗalibai da abokan aikin Smith suka ɗauki ƙararrawar gano gobara da ake sayarwa a kanti suka mayar da ita na'urar auna burbushin hayaƙi. Suka kuma riƙa manna wa murhu wani ɗan ƙaramin ma'aunin zafi mai kama da maɓalli, wanda ke rubuta duk lokacin da aka hura wuta. Wannan na biyu ya tona wani asiri da tambayar baki ba ta tonawa: sau da yawa uwargida takan ce da sabon murhun da aka ba ta take girki, don kada ta kunyata baƙo, alhali tsohon murhun bai taɓa hucewa ba.

Gwaji mafi girma a rayuwar aikinsa ya gudana ne a tsaunukan Gwatamala tsakanin 2002 da 2004. An ɗauki gidaje 534 masu mace mai ciki ko jariri, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka gina musu murhu mai bututun fitar da hayaƙi, rabi suka ci gaba da buɗaɗɗiyar wuta har zuwa ƙarshen gwajin. Jariran suna sanye da ɗan bututun da ke auna iskar kabon monoksaid, ma'aikatan lafiya kuma suna kewaya gidajen kowane mako. Da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga sakamakon a 2011, sai ya zo da daɗi da ɗaci. Hayaƙin cikin madafa ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari, amma abin da yaran suka shaƙa ya ragu da rabi ne kawai. Ciwon huhu mai tsanani ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku, sai dai raguwar ciwon huhu gaba ɗaya, wanda shi ne ainihin abin da aka je nema, ba ta kai matakin da masana za su tabbatar da ita ba.

Tazarar da ke tsakanin 90 da 50 ita ce zuciyar al'amarin. Bututu ba ya kashe hayaƙi, waje yake kai shi, kuma yaro ba a madafa kaɗai yake rayuwa ba. Hayaƙin kan sauko tsakar gida, ya haɗu da na maƙwabta, ya sake shigowa ta taga. Nazarin da ya biyo baya ya ƙara nuna cewa alaƙar hayaƙi da cuta ba miƙaƙƙiya ba ce. Haɗarin yana hawa da sauri tun daga ƙaramin adadi, sannan ya lafa a sama. Saboda haka wanda ya rage hayaƙi mai tsananin yawa zuwa rabinsa bai sami rabin lafiya ba. Sai an sauko ƙasa sosai ake ganin riba ta gaske.

Wannan ya sa Smith ya yi abin da ba kowane masani ke iya yi ba: ya sauya ra'ayi a bainar jama'a. Bayan shekaru yana fatan ingantaccen murhun itace zai wadatar, sai ya koma yana cewa a daina ƙoƙarin tsabtace makamashin da talaka yake da shi, a kai masa wanda yake da tsabta tun asali, wato gas da lantarki. Wasu masu fafutukar muhalli ba su ji daɗi ba, ganin cewa gas ɗin girki daga ma'adinin mai yake. Amsarsa ita ce, gudummawar girkin talakawa ga ɗumamar duniya ƙarama ce ƙwarai, bai kamata a ɗora wa matan karkara nauyin da masu motoci da masana'antu suka jawo ba. Ya goyi bayan shirin da Indiya ta ƙaddamar a watan Mayun 2016 na raba wa matan gidajen talakawa tukunyar gas, wanda ya kai gidaje miliyan 80 a 2019. Nan ma matsala ta ɓullo: samun tukunya daban, kuɗin sake cika ta daban, kuma gidaje da yawa sun ci gaba da haɗa gas da itace.

Ko gas ɗin ma bai rufe muhawarar ba. Wani babban gwaji da aka yi da mata masu ciki 3,200 a Gwatamala, Indiya, Peru da Ruwanda, inda aka ba rabinsu murhun gas da gas kyauta, ya rage abin da suke shaƙa ƙwarai. Amma sakamakon da aka buga a 2022 da 2024, bayan rasuwar Smith, bai nuna bambanci tabbatacce a nauyin jarirai lokacin haihuwa ko a ciwon huhu mai tsanani ba. Har yau masana suna tattauna dalili. Duk da haka kiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na nan: hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a 2020, ta hanyar ciwon huhu, ciwon zuciya, shanyewar jiki da sankarar huhu, kuma sama da mutum biliyan biyu ke girki da makamashi mai hayaƙi. Wannan adadi kansa daga samfurin lissafi ya fito, ba daga ƙirga gawarwaki ba, kuma ya kamata a karanta shi a haka.

Najeriya tana cikin ƙasashen da wannan lissafi ya shafa kai tsaye. Akasarin gidaje, musamman a karkara, da itace, gawayi ko kara suke girki, kuma kunkunniyar da ke manne a rufin madafa shaida ce ta abin da ya bi ta hancin mai girki. A birane kuma janareto na ruri a bakin taga, masu sayar da abinci da 'yan acaba suna yini a gefen titi. Wani rahoton Bankin Duniya ya kiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta jawo mutuwar mutum 11,200 a Legas a 2018, kimanin kashi 60 cikin ɗari yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tare da asarar dala biliyan 2.1. A Fatakwal, tun daga ƙarshen 2016 mazauna gari suka fara wayar gari da baƙar toka a kan tufafi, motoci da tafin ƙafar yara.

Arewa kuma tana da nata ƙarin. A lokacin hunturu iska kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ɗaya daga cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura a duniya, ta lulluɓe Maiduguri, Kano da Sakkwato da hazo. A daidai wannan lokaci ne ake rufe ƙofa da taga, a shigar da kaskon wuta ɗaki don jin ɗumi, wato iskar ɗaki ta daina sauyawa a lokacin da hayaƙi ya ƙaru. Samfurin da aka gina da gidajen Gujarat ko na tsaunukan Gwatamala bai san wannan ba. Bai san bambancin girkin tsakar gida da na rufaffiyar madafa ba, bai san awa nawa mai tuyar ƙosai ko mai suyar gyaɗa ke yi a gaban wuta ba. Taurarin ɗan'adam suna iya hango hazo daga sama, amma ba sa ganin abin da ke ƙarƙashin rufi, tashoshin awo na ƙasa kuma ba su da yawa. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan girki da makamashi mai tsabta, kuma auna ko manufar tana aiki zai buƙaci alƙaluman da aka ɗauko daga jikin mata da yara a madafan Najeriya, damina da rani da hunturu.