Tsare Ƙananan Yara Wurin Wasa a Gida

Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 ƙafarsa ta riga hankalinsa. Abubuwa biyu a cikin gida sukan halaka shi.

Na farko ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ruwa ya ci mutum 300,000 a 2021, kusan rubu'insu ba su kai shekara 5 ba. Yaro yakan nutse shiru, ko da cikin baho ne. Saboda haka a ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi mai nauyi, a kife baho bayan wanki.

Na biyu guba. Manoman albasa, musamman na Aliero, sukan ajiye maganin feshi a gida. Kada a zuba shi, ko kananzir, cikin kwalbar lemo. A ajiye inda hannun yaro ba ya kai. In ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A gaggauta kai shi asibiti tare da kwalbar.

Ana roƙon hakiman Jega da Aliero da Maiyama su sa dagatai su gargaɗi magidanta. Magatakarda kuwa su rubuta kowace rijiya marar murfi, har a rufe ta.