Gyambon Babban Hanji: Cutar Da Ke Fakewa Da Sunan Basir Da Atuni

Ranar 28 ga Agustan 2020, Shinzo Abe ya tsaya gaban 'yan jarida a Tokyo ya shaida wa mutanen Japan cewa zai sauka daga kujerar firaminista. Ciwon hanjin da yake fama da shi tun yana matashi ne ya sake tashi. Ciwon nan dai shi ya sa ya ajiye muƙamin a 2007, ya yi jinya, aka dace da maganin da ya karɓe shi, ya dawo mulki a 2012, har ya zama wanda ya fi kowa daɗewa kan wannan kujera a tarihin ƙasar.

Likitoci na kiran cutar ulcerative colitis, wato kumburi da gyambo a bangon babban hanji. Daban take da olsar nan ta tumbi da kowa ya sani. Daga dubura take farawa, ta yi ta hawa sama a jere; wani ta tsaya masa a ƙasa, wani ta mamaye hanjin baki ɗaya. Tun a 1859 wani likita a Landan, Samuel Wilks, ya bambanta ta da atuni, kuma an ƙiyasta cewa a 2023 mutum kusan miliyan 5 ke ɗauke da ita a duniya. Ta fi kama masu shekara 15 zuwa 30, daidai lokacin karatu da aure da neman na kai.

Mai ita ba ya da natsuwa. Gudawa ce da jini da majina, ga murɗar ciki, ga matsuwar da ba ta jira. Ya ruga ban-ɗaki ya yi ta nishi, abin da zai fito bai taka kara ya karya ba, yana tashi kuma ya ji kamar bai gama ba. Cikin dare ma sai ta tashe shi. Jini ya yi ta raguwa, jiki ya rame, kasala ta rufe shi. Wasu har gaɓoɓi su yi ciwo, ido ya yi ja, fata ta fito da ƙuraje. Sai ta lafa wata da watanni, sannan ta dawo.

Ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba ƙazanta ke kawo ta ba. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta afka wa hanjin mai ita, gado da yanayin rayuwa suna da hannu a ciki.

A ƙasar Hausa matsalar tana farawa daga suna. Wanda ya ga jini a bayan gida, basir zai ce, ko atuni. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa, ya tsaya wajen mai tallar magani da lasifika a tasha, ko ya shiga kemis a ba shi Flagyl. Idan ciwon ya lafa da kansa, sai a ce magani ya ci. A haka ake kwashe shekaru. Gaskiya ne atuni ya fi yawa nesa ba kusa ba, don haka likitan da ya fara zarginsa bai yi laifi ba. Amma atunin da aka sha maganinsa ya ƙi tafiya, ko ya riƙa dawowa mako bayan mako, ya cancanci a sake dubawa da kyau.

Dubawar na farawa da gwajin bayan gida, don a kawar da zargin ƙwayoyin cuta irin su amiba da tsutsar tsargiya mai kama hanji. Wannan mataki ba abin wasa ba ne: mai atunin amiba idan aka ɗora shi kan maganin danne garkuwar jiki, hanjinsa na iya hudewa. Sai gwajin jini, sannan kolonoskofi, wato a zura siririn bututu mai kyamara ta dubura a leƙa cikin hanji, a tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Nan ake rarrabe ta da tarin fukan hanji, da sankara, da 'yar'uwarta cutar Crohn wadda ke iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura. Ana wannan aiki a manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mutane da yawa na ƙyamarsa, alhali ana ba da allurar rage raɗaɗi, kuma yawanci ba ya cin awa guda.

Magani hawa-hawa ne. Ga wanda abin bai tsananta ba, mesalazine ake fara ba shi, na haɗiya ko na matsi ta dubura, wani lokaci duka biyun. Idan ciwo ya taso da ƙarfi sai a kawo firednisolon, wanda ke kashe kumburi da sauri. Tun 1955 likitoci biyu na Ingila, Truelove da Witts, suka tabbatar da amfanin irin wannan magani, amma na ɗan lokaci ne. Wanda ya mayar da shi abincin kullum na iya gamuwa da ciwon suga, hawan jini da raunin ƙashi. Daga nan akwai azathioprine, da allurai na zamani kamar infliximab, wanda Amurka ta amince da shi kan wannan cuta a 2005. Alluran suna da tsada sosai, kuma kafin a fara su dole a gwada mutum tarin fuka da ciwon hanta, don suna iya tayar da wanda ke kwance.

Kuskuren da ya fi cutar da marasa lafiya shi ne barin magani da zarar jini ya tsaya. Kumburin kamar wutar ƙaiƙayi yake, sama toka ƙasa garwashi.

Idan magunguna suka gaza, tiyata ce mafita. A cire babban hanjin, a ɗinka 'yar jaka da ƙaramin hanji a haɗa ta da dubura, ko a fitar da hanya ta gefen ciki. Darren Fletcher, ɗan wasan tsakiya na Manchester United, ya bayyana cewa yana da cutar a Disamban 2011, aka yi masa aiki a Janairun 2013, kafin shekarar ta ƙare ya koma fili, ya kuma ci gaba da taka leda shekaru bayan haka.

Zaman yau da kullum na buƙatar lura. Babu wani abinci guda da aka haramta wa kowa; kowane mara lafiya ya kula da abin da ke tayar masa, ko yaji ne ko madara ko wake, ya rage shi lokacin da ciwo ya motsa, ba tare da ya horar da kansa da yunwa ba. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac na iya tayar da cutar, maganin tsayar da gudawa kuma haɗari ne idan ta yi tsanani. Batun azumi da ɗaukar ciki a tattauna da likita tun da wuri. Mata da yawa masu cutar na haihuwa lafiya, musamman idan cikin ya shiga lokacin da ta lafa. Bayan kimanin shekara 8 da farawarta, ana so a riƙa leƙa hanji a kai a kai saboda haɗarin sankara.

Iyali ma suna da nasu aikin. Mai wannan lalura na gudun tafiya, yana gudun taro, har sahun salla yakan zaɓi gefe don ya samu hanyar fita. Tsegumi da zargin raki ba abin da suke ƙara masa sai ɓoyewa.

Duk wanda ke zawo da jini sau 6 ko fiye a rana, ga zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri ko kumburin ciki, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.