Kayan Sauka da Hawa ga Masu Keken Guragu a Ƙasashe Masu Tasowa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin samar da keken guragu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin kowane 100 yana bukatar wannan keke. Sai dai samun keken bai raba mai shi da wahala ba, domin ba a cikinsa yake kwana ba. Tilas ne ya sauka ya hau gado, ya shiga bayi, ya shiga mota, sau da dama a yini. Wannan maƙala za ta dubi kayan da ke sauƙaƙa wannan ƙaura, waɗanda a nan aka kira su kayan sauka da hawa.

2.0 Allon Zamewa

Mafi arha daga cikinsu shi ne allon zamewa, wato katako mai tsawon santimita 60 zuwa 75 da faɗin kimanin 20, wanda aka fiƙe bakinsa biyu, aka goge shi ya yi santsi. Kowane kafinta zai iya yin sa. Akan matso da keke gab da gado, a danne birki, a ɗage madogarar hannu, sannan a cusa baki ɗaya ƙarƙashin cinya, ɗayan kuma a ɗora shi bisa gado. Daga nan mutum zai sunkuya, ya dogara da tafukansa, ya riƙa ɗagawa yana matsawa kaɗan-kaɗan.

Ɗagawar nan ita ce ƙashin bayan al'amarin. Wanda lakarsa ta taɓu ba ya jin zafi a mazaunansa, don haka idan ya ja jiki bisa katako mai kaushi fatarsa za ta saluɓe bai sani ba. Saluɓewar kan zama gyambo mai ci har ƙashi, wanda kan kai mutum kabari. Sartse guda a jikin allo ya isa ya jawo haka.

3.0 Tabarma da Masai

An ƙirƙiro allon ne a ƙasashen da gado da mazaunin bayi suke kusan tsayi ɗaya da keke. A ƙauyukan Afirka da Asiya kuwa, mutane da yawa a tabarma suke kwana, bayinsu kuma masai ne. David Werner, wanda ya yi aiki da naƙasassu a ƙauyen Ajoya na ƙasar Meziko, ya nuna hanyoyin magance irin wannan da kayan gida a littafinsa na shekarar 1987, Disabled Village Children. Ana iya girka kujera mai huji bisa bakin masai, a kafa mata abin dafawa. Ana iya ɗaura igiya a azara domin jan jiki sama. Hawa daga ƙasa kuma akan raba shi mataki-mataki: daga tabarma zuwa kujera 'yar tsugunno, daga nan zuwa keke.

Na'urar ɗaga mutum da ake gani a asibitocin Turai ba ta da wani tasiri a nan. Ga tsada, ga ƙananan tayoyi masu nutsewa cikin yashin tsakar gida.

Abin takaici shi ne yawancin kekunan da ake rabawa sadaka na asibiti ne, wasunsu ma da madogarar hannu a like. Irin wannan keke ba ya karɓar allo sam, sai dai uwa ko mata ta ci gaba da ciccibar babban mutum safe da yamma har bayanta ya gaza.