Ranar bankwana da tsuntsayen Tabalak

A Takanamat, ba manomin da ke ɗaukar maganar damina da gaske sai ya ga shamuwa ta sauka bisa itatuwan gari. Ba a jifarta, ba a taɓa ƙwanta, don ita ke rage wa gona fara. Da kaka ta yi sai ta kama hanyar kudancin Afirka.

Lokacin nan ne muka isa tabkin Tabalak, kimanin kilomita 50 daga Tawa, bisa hanyar Agadas. Ranar da za mu juyo gida muka yi sammako. Kirinjijiya sun rufe bakin ruwa da fito, dinya na kiwo nesa, zalɓe kuwa tsaye cik kamar mai jiran bashi. Cikinsu akwai baƙin agwagi da suka ƙetaro Sahara daga Turai, gudun sanyi.

Tun 2005 tabkin ya shiga jerin wuraren Ramsar, tare da na Ɗan Dutsi. Amma takarda ba ta tare rairayi. Koramu na ci gaba da zuba shi cikin tabkin, wanda masunta, makiyaya da masu garaken albasa duk suka dogara da ruwansa.